Tambaya da Amsa: Wan Kirki da Mugun Wa a Gajerun Labarai

Wasiƙu uku na zaɓo a wannan watan, domin dukkansu sun taru a kan mutum ɗaya, wato babban wa kamar yadda marubuta suke kawo shi a cikin labari.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Katsina, kuma shekara biyu ke nan ina gwada rubuta gajerun labarai. Na rubuta labarin wasu samari biyu maƙwabtan juna waɗanda iyayensu maza suka rasu a shekara guda. Na farko ya bar makaranta ya kama sana'ar walda, ya riƙe ƙannensa huɗu har suka zama mutane. Na biyu ya sayar da gonar gado ya ƙara aure, ya bar nasa ƙannen suna gararamba. A ƙarshe na farko ya yi arziki, na biyu kuma ya tsiyace. Abokaina sun karanta sun ce labarin ya yi lami. Ina laifinsa yake, alhali kuwa darasinsa mai kyau ne?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Darasin naka ba shi da aibu, kuma na ji daɗi da ka ɗauko wannan jigo, domin babu gidan Bahaushe da bai san nauyin karin maganar nan da ke cewa babban wa magajin uba ba. Abin da abokanka suka ji a bakinsu shi ne, tun daga shafin farko mai karatu ya riga ya san wanda zai ci da wanda zai faɗi, saboda ka tara alheri duka a jikin mutum ɗaya, ka tara sharri duka a jikin ɗaya, har babu sauran abin da za a zauna a jira. Gajeren labari ba shi da filin kawo mutane da yawa ko shekaru masu tsawo, don haka ƙarfinsa yakan fito ne daga ɗan lokaci ƙanƙane wanda a cikinsa zuciyar mutum ɗaya take ja da kanta. A ganina, yayyen nan biyu da ka raba su gida-gida ya kamata a ce suna zaune a ƙirjin mutum guda.

Bari in kawo maka misali daga Amurka. A shekarar 1960 mujallar The Atlantic Monthly ta buga wani gajeren labari na James Hurst mai suna The Scarlet Ibis. Wanda yake ba da labarin babban wa ne, yana da shekara shida aka haifa masa ƙane mai rauni ƙwarai, wanda har an sa kafinta ya ƙera masa ɗan akwatin gawa domin ba a zaci zai rayu ba. Yaron, da ake kira Doodle, ya rayu, amma ya kai shekara biyar bai iya tafiya ba, sai dai wansa ya riƙa jansa a cikin ɗan keken katako. Wan nan ya ɗauki ƙanensa zuwa bakin wata fadama kullum, yana tsayar da shi yana faɗuwa, yana sake tsayar da shi, har ranar da yaron ya cika shekara shida ya taka da ƙafarsa a gaban iyayensu. Kowa ya rungumi wan yana yaba masa, shi kuwa sai ya fashe da kuka, domin shi kaɗai ya san cewa kunyar a ce ƙanensa gurgu ne ta sa ya yi wannan wahala. Daga baya ya matsa wa yaron sai ya koyi gudu da iyo da hawan bishiya kafin a buɗe makaranta, abin ya gagara, kuma wata rana hadari ya taso suna dawowa gida, yaron yana kiransa kada ya bar shi, shi kuma takaici ya sa ya ruga ya ba shi rata. Da ya huce ya koma nemansa, sai ya tarar da shi a duƙunƙune a gindin wani ɗan itace, jini ya fito masa ta baki, rai ya yi halinsa.

To, ka gaya mini, a wane gida za ka ajiye wannan wa a cikin gidajen nan biyu naka? Hannun da ya koya wa yaron tafiya shi ne hannun da ya sake shi a cikin ruwan sama, kuma dalilin da ya haifi alherin shi ya haifi muguntar. Wannan ne ya sa har yau ake koyar da labarin a makarantun sakandaren ƙasar, kuma na tabbata duk wanda ya taɓa goyon ƙanensa yana jin haushin nauyinsa zai gane kansa a ciki.

Akwai kuma wani nau'in son kai da ya fi wannan ɓuya, wanda James Baldwin ya nuna a labarinsa Sonny's Blues na shekarar 1957. Babban wan a nan malamin lissafi ne a unguwar Harlem ta birnin New York, mutum ne kamili mai iyali, ya girmi ƙanensa Sonny da shekara bakwai. Bai ci dukiyar kowa ba, bai doki kowa ba. Mahaifiyarsu ta ɗauki alkawari daga bakinsa cewa zai riƙe ƙanensa, ya kuwa amsa mata, amma da yaron ya ce shi makaɗin fiyano yake son zama, sai wan ya raina zancen, ya ga kamar shiririta ce. A jarida ya karanta cewa an kama Sonny da ƙwaya, kuma ya daɗe bai ko rubuta masa wasiƙa ba, sai da ƙaramar 'yarsa ta mutu da cutar shan inna sannan zafin da ya ji ya buɗe masa ido ga zafin ƙanensa. Laifinsa guda ne, bai taɓa zama ya saurari yaron ba. Irin wannan wan yana da yawa a cikinmu: yana ciyarwa, yana tufatarwa, yana biyan kuɗin makaranta, amma yana son ƙanensa ya zama abin da ba zai ja masa magana a zaure ba, ko da kuwa zuciyar yaron tana wani wuri.

Zan faɗa maka abin da na gani da idona. Yayana tela ne, kuma tun da mahaifinmu ya rasu ina aji uku a firamare, shi ya riƙe ni. Duk farkon zangon karatu yakan jawo 'yar durowar da ke jikin keken ɗinkinsa, ya fito da kuɗi a naɗe cikin ƙyallen atamfa, ya lashi babban yatsansa ya ƙirga sau biyu, sannan ya rubuta adadin a wani ɗan littafi mai baƙin bango kafin ya miƙa mini. Sai da ya haura shekara talatin bai yi aure ba, kuma kowa a unguwa ya san saboda mu ne. Ranar da na gaya masa cewa nazarin harshen Hausa zan yi a jami'a maimakon aikin lauya da ya daɗe yana yi mini fata, bai ɗaga murya ba, bai ce uffan ba. Ya jawo durowar nan, ya fito da baƙin littafin, ya ajiye shi a rufe a kan tebur a gabana, ya ci gaba da taka kekensa. Na tsaya ina kallon littafin ina jin ƙarar keken har aka kira sallar la'asar. Shekaru sun shuɗe, amma har yanzu idan na tuna, ina ganin ƙauna da iko a cakuɗe a cikin wannan ajiye littafin, kuma ban taɓa jin ƙaunar ta ragu a idona don na ga ikon ba. Da zan rubuta shi a labari, a wannan la'asar ɗin zan fara, a nan kuma zan tsaya.

Saboda haka ga shawarata game da labarinka. Ka ajiye maƙwabcin nan na biyu gaba ɗaya, ka riƙe mai walda. Ka nuna mana abin da sadaukarwar ta ci masa, domin alherin da ba a ga kuɗinsa ba ba ya taɓa zuciyar mai karatu: idanunsa da suka yi ja saboda hasken walda, takardar sakamakonsa ta aji biyar da har yanzu take ninke a ƙasan akwatinsa, yarinyar da ta gaji da jira aka ɗaura mata aure da wani. Sannan ka kawo masa jarrabawa guda. Wani attajiri ya taya gonar gadon da kuɗin da zai isa ya buɗe shagon kansa, ƙannensa kuwa ƙanana ne, ba wanda zai tambaye shi. Ka bar mu mu kwana da shi a wannan daren. Ko ya sayar ko bai sayar ba, labarin ya samu gishiri. Kuma ka cire arzikin da ka ba shi a ƙarshe, domin idan ka biya shi lada a shafin ƙarshe ka mayar da sadaukarwarsa adashi, wanda ake zubawa don a kwasa.

Kada kuma ka ɗauka cewa dole labarin babban wa ya zama na hawaye. Marubucin nan na Indiya, Premchand, wanda ya rasu a 1936, yana da labarin wani wa da ya girmi ƙanensa da shekara biyar, suna zaune tare a ɗakin kwanan ɗalibai. Wan kullum kansa na cikin littafi amma yana faɗuwa jarrabawa, ƙanen kullum yana filin wasa amma yana zuwa na ɗaya, har tazarar aji uku da ke tsakaninsu ta koma aji ɗaya. Duk tsawon labarin mai karatu yana ganin wan a matsayin mai yawan faɗa da tinƙaho da girma, sai a ƙarshe, da ya kama ƙanen yana bin 'yar takardar nan mai zare da yara suke sakewa iska ta ɗaga, ya furta cewa shi ma ransa yana son wasan, yana danne zuciyarsa ne don kada ƙanen ya ga hanyar lalacewa a wurinsa. Yana cikin maganar sai wata takardar da zarenta ya tsinke ta gifta ta samansu, ya yi tsalle ya cafke zaren ya ruga, ƙanen yana binsa a guje. Da wannan tsalle ɗaya marubucin ya nuna mana yaron da aka hana shi ƙuruciyarsa don kawai an riga an haife shi kafin wani.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni malamar makaranta ce a Damagaram, kuma nakan yi wa ɗalibaina tatsuniya ranar Juma'a. Na lura cewa a yawancin labaran da na sani auta ne mai nasara, manyan kuwa ko azzalumai ne ko wawaye. Me ya sa haka? Kuma anya ba muna koya wa yara raina yayyensu ba?

AMSA: Malama, Allah ya saka da alheri a kan wannan aiki da kike yi. Abin da kika lura da shi gaskiya ne, kuma bai tsaya a ƙasar Hausa ba. A labarin Ali Baba da ɓarayi arba'in, Ƙasimu ne babba, shi ya auri 'yar attajiri ya bar ƙanensa yana saran itace, kuma da ya ji labarin kogon dukiya sai ya tilasta a gaya masa sirrin, ya shiga, kwaɗayi ya mantar da shi kalmar buɗe ƙofa, ɓarayin suka tarar da shi suka daddatsa shi gida huɗu. Ali Baba, wanda aka wulaƙanta, shi ya je ya kwaso gawar ya yi mata sutura. A labarin kyanwa mai takalmi da Bafaranshen nan Charles Perrault ya buga a 1697, babba ya gaji injin niƙa, na tsakiya ya gaji jaki, auta kuwa aka bar shi da kyanwa, amma shi ya ƙare da auren 'yar sarki.

Babban dalili shi ne gado da iko. A wurare da yawa na Turai ta dā ɗan fari ne yake gaje ƙasa, ƙananan su fita neman abin kansu, saboda haka labarin da talaka yake so ya ji shi ne na wanda aka bari hannu rabbana kuma ya dawo da rinjaye. A wurinmu shari'a ta daidaita rabon 'ya'ya maza, kamar yadda ya zo a aya ta 11 ta Suratun Nisa'i, amma a tsarin gandu, idan uba ya faɗi, babban wa ne yake riƙe gona da rumbu, shi yake fitar da hatsin gida, shi yake biyan haraji, shi yake yi wa ƙannensa aure, su kuma abin da suka mallaka na kansu bai wuce 'yar gayaunarsu ba. Wanda makullin rumbu yake hannunsa shi ne ya fi kowa samun damar yin adalci, kuma shi ne ya fi kowa samun damar cuta. Idan aka haɗa wannan da 'yan ubanci a gidan da ɗakuna suka yi yawa, ba abin mamaki ba ne a ga tatsuniya tana gargaɗin babba. Ki kuma tuna su wane ne suke zagaye kaka da daddare: ƙanana ne, waɗanda aka wuni ana aikensu ana ƙwace musu abin wasa, kuma a bakin kaka ne kaɗai suke samun ranar da ƙarami yake kayar da babba.

Amma tatsuniyarmu ba ta manta da ɗaya ɓangaren ba. Ki duba ta Ɗan Auta, wadda a cikinta iyaye suka cika rumbuna kafin su mutu, suka bar wa babbar 'yarsu wasiyyar kada ta bari Auta ya yi kuka. Yaron ya cinna wa rumbunan wuta, ta goya shi suka shiga duniya. Ya tsone wa ɗan sarki ido, ta sake goya shi suka gudu. Duk ɓarnar da ya tashi yi, da ta hana shi sai ya ɓata fuska, ita kuma ta tuna wasiyya ta ƙyale shi. A ƙarshe shi ya kashe Dodo ya samu suna, amma wadda ta ɗauki wahalar tun daga farko ita ce yayar tasa. A nan mace ce, sai dai harshenmu da kansa ya haɗa su, tun da yaya muke kiran babba, namiji ne ko mace. Na daɗe ina ganin wannan tatsuniya tana ɗauke da wata tambaya mai nauyi ga manya, wato ko riƙon da ba ya iya cewa a'a riƙo ne na ƙwarai.

Game da tsoron da kike yi, ba na jin tatsuniya tana koya wa yaro raini, domin yaro ya san Gizo ba maƙwabcinsu ba ne. Tatsuniya takan yi mutanenta fari fat ko baƙi ƙirin da gangan don ƙaramin yaro ya riƙe, kuma wannan ya dace da ita, ko da yake bai dace da gajeren labarin da ake rubuta wa manya ba, kamar yadda na gaya wa ɗalibinmu na Katsina. Abin da zan roƙe ki shi ne, idan kin gama, ki tambayi 'yan fari da ke ajin yadda suke gani yayar Auta ta ji lokacin da rumbunan suke ci da wuta. Idan kuma suka ƙara wayo, ki kai su ga ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, wadda gaskiya ce daga Alƙur'ani, ba ƙage ba. A cikinta yayyen da suka jefa shi rijiya ba su zama bai ɗaya ba: a aya ta 10 ɗayansu ne ya hana a kashe shi, a aya ta 80 kuma babbansu ne ya ƙi barin ƙasar Masar saboda alkawarin da suka ɗaukar wa mahaifinsu game da ƙaramin ɗan'uwansu.

TAMBAYA: Malam, ni matar aure ce a Kaduna. Na rubuta labarin wani wa da ya danne wa ƙannensa mata gidan gado, kuma gaskiya daga abin da yayanmu ya yi mana na ɗauko shi. Ina so in buga, amma ina tsoron ya gane kansa zumunci ya yanke.

AMSA: 'Yar'uwa, Allah ya ba ku haƙuri, ya kuma fitar muku da haƙƙinku. Abu biyu ne a hannunki, kuma ina roƙonki ki raba su. Maganar gidan ta dattawan dangi ce da malamai, idan ta ƙi kuma ta kotun shari'a ce, labari ba zai karɓo miki ko ɗaki ɗaya ba. Shi kuwa labarin, idan kika buga shi yanzu da zafin abin a zuciyarki, zai fito kamar takardar ƙara, duk wanda ya san gidanku zai gane, kuma Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Ki ajiye rubutun wata uku. Idan kin dawo kansa, ki sauya garin, ki sauya sana'ar wan, ki sauya yawan ƙannen, ki mayar da gidan ya zama gona ko shago. Sannan ki gwada abin da ya fi wuya, ki sake rubuta labarin gaba ɗaya da bakin wan, yana faɗin nasa dalilan: shi ya yi jinyar mahaifinsu a asibiti, shi ya gyara rufin da ya zube da damina, shi ya yi wa ƙannen kayan ɗaki, don haka a zuciyarsa yana gani gidan ladan wahalarsa ne. Ba ina nufin ki wanke shi ba, domin cin gadon mata zalunci ne ko da wane suna aka kira shi. Mai karatu zai fi jin tsoron zaluncin idan ya ji yadda mutum yake lallashin kansa har ya aikata shi yana ganin bai yi laifi ba. Idan kin gama wannan zubi na biyu, ki aiko mini da duka biyun mu karanta su tare, kafin ki yanke shawarar wanda za ki kai wa maɗaba'a.